Neman Aikin Asibiti Tun Ana Makaranta: A Nema, Amma A Bi Ta Ƙofa

Ran Talatar da ta wuce, bayan mun tashi daga taron manoman shinkafa, wani dattijo daga cikin masu noman rani a Bakolori ya tare mu a bakin kasuwar Talata Mafara. Ba zancen taki ya kawo ba. Ya ce 'yarsa tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, buhu nawa na shinkafa ya sayar domin karatunta, shi kansa ya daina ƙirgawa. Yanzu ga mai wani ƙaramin asibitin kuɗi ya ce ta riƙa kwana masa da marasa lafiya lokacin hutu, zai biya ta. Wani kuma ya ce in an ba shi abin goro, zai ajiye mata gurbi a asibitin gwamnati kafin ta gama. Ya ce, "Malam, wanne zan ɗauka?" Muka ce masa, "Baba, kada ka ɗauki ko ɗaya."

Tun da ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba, mun ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu a fili. Daidai ne ɗalibi ya fara neman wurin aiki tun yana makaranta, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Amma neman aiki daban, kama aikin da ba a ba ka izni ba daban.

Da farko, babu wanda zai ce ba a bukatar ma'aikatan jinya. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya ce nas-nas wajen 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a hannun ƙwararre, a nan arewa maso yamma kuwa abin bai kai ko haka ba. Mu da muke zagaya ƙauyukan Mafara da Bakura da Maradun ba sai an karanta mana ba. Mun ga ɗakin shan magani da mutum ɗaya yake riƙe da shi, in ya tafi jana'iza sai a sa kwaɗo. Saboda haka yarinyar da ta gama da lasisinta a hannu tana riƙe da abin da ake nema. Ba ta da dalilin sayar da kanta da araha tun kafin ta nuna.

To, me ya sa muka hana aikin dare a asibitin kuɗi? Domin doka ce, kuma dokar tana da dalili. Tun 1979 aka kafa hukumar nan da muka ambata, ita kaɗai ke yi wa nas da ungozoma rajista, ta ba su lasisi bayan sun ci jarrabawarta. A tsarin da aka saba, karatun jinya shekara 3 ne, na jami'a shekara 5. Kafin nan, duk abin da ɗalibi ya taɓa a jikin marar lafiya, a ƙarƙashin idon ƙwararre yake taɓawa. Mai asibitin kuɗi ba don ƙauna yake kiran ɗaliba ba. Yana kiranta ne domin ba zai biya ta abin da zai biya mai lasisi ba. Ranar da abu ya ɓaci, shi zai tsame hannunsa, ita za a nuna.

Mun ga wannan da idonmu. A wani ƙauye da muke aiki, wani ɗalibi ya zo hutu, mai shagon magani ya ɗauke shi yana yi wa mutane allura. Aka kawo yaro ƙarami da zazzaɓi, ya yi masa allura a ɗuwawu, a wurin da bai kamata ba. Akwai wata babbar jijiya da ta bi ta nan ta sauka har ƙafa, allurar ta same ta. Shi ya sa ma ake koya wa ma'aikata su yi wa ƙananan yara allura a cinya. Yau yaron yana jan ƙafa. Ɗalibin ba mugu ba ne, darasin ne bai zauna masa ba tukuna, kuma babu na gaba da shi a wurin da zai ce masa tsaya. Kuɗin da ya samu a hutun nan bai kai na akuya ba.

Batun sayen gurbi kuwa, kowa ya san yadda yake ƙarewa. Babu wanda zai iya sa sunan marar lasisi a takardar albashin nas ta hanyar gaskiya. In ya karɓi kuɗin, ko dai ya ɓace, ko ya kawo takardar jabu wadda za ta tonu ranar tantance ma'aikata. Manomi ya san ba a sayen hatsi a gonar da ba a shuka ba.

Ina hanyar, ke nan? Ga abin da muke ba 'yan makaranta shawara.

Na ɗaya, ku gane cewa kun riga kun fara jarrabawar ɗaukar aiki. Duk lokacin da makaranta ta tura ku ɗakin marasa lafiya domin koyon aiki, manyan nas-nas suna kallo. Sun san wanda ke zuwa a kan lokaci, da wanda ke ƙyamar wanke gyambo, da wanda ke yi wa tsohuwar ƙauye tsawa don ba ta gane yadda za ta sha magani ba. Su ne za a tambaya gobe. Littafin nan da ake sa muku hannu a kan kowane aiki da kuka koya, ku cika shi da gaskiya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na biyu, in hutu ya zo kuna so ku taimaka, ku karɓi wasiƙa daga makaranta ku kai wa shugaban asibitin garinku. Ku yi awon jarirai, ku rubuta katin masu awon ciki, ku taya ranar rigakafi, ku koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Duk a gaban mai lasisi. Ba za ku samu albashi ba, amma za a san fuskarku da halinku.

Na uku, ku san masu ɗaukar aikin tun yanzu. Manyan asibitoci irin na Talata Mafara suna ƙarƙashin hukumar asibitocin jiha. Ƙananan asibitocin ƙauye suna ƙarƙashin hukumar lafiya ta matakin farko. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na gwamnatin tarayya ne. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji, irin MSF da ta zo Anka a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Kowannensu da ƙofarsa, amma dukansu lasisi suke fara tambaya. Ku haɗa takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da sakamakon sakandare, ku tabbata sunanku iri ɗaya ne a cikinsu duka. Harafi ɗaya ya sha tsayar da mutum wata da watanni.

Sauran maganar tamu ce, mu iyaye da shugabannin gari. Aikin da ya fi tabbata ga ɗaliba shi ne wanda garinta ya shirya mata. An gwada wannan. Daga 2012, wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa a jihohin Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, da yardar mutanen garinsu, a yi musu karatun share fage, su shiga makarantun lafiya, da alkawarin za su koma su yi wa garinsu aiki. Shirin ya ƙare, amma dabarar ba ta mutu ba. Ƙungiyar manoma da ke iya haɗa kuɗin injin ban ruwa tana iya ɗaukar nauyin yarinya ɗaya. A zauna da hakimi da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a rubuta yarjejeniya: mu mun biya karatu, ita za ta yi mana shekara kaza, ku kuma ku nema mata gurbi in ta kawo lasisi.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce wa zai tura 'yarsa ƙauye a wannan hali? Gaskiya ne. Ba mu manta da 'yan matan makarantar Jangebe da aka sace a Fabrairun 2021 ba, kuma mun san akwai garuruwa a Maradun da ma'aikaci ba ya iya kwana. Ba mu ce a tura kowa inda za a sayar da ransa ba. Amma wannan dalilin ne ma ya sa muka dage a kan 'yar gida. Baƙuwa ba za ta zauna ba. Wadda uwarta da ƙannenta ke garin, ita ce za ta tsaya, in mun ba ta ɗaki mai ƙofa kusa da jama'a, muka kuma tsaya mata a biya ta albashinta.

Dattijon nan ya ce zai yi shawara da 'yan ƙungiyarsu. Mun roƙe shi ya ƙara haƙurin shekara guda. Wanda ya jira shinkafa ta nuna bai yi asarar kwanakin da ya jira ba. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'ar jarrabawa, ya ba mu ikon riƙe su in sun dawo.