Kafin ka zagi mai shago, duba gurbin da ka soka katin

Ɗan'uwa, idan kana cikin samarin da ke tara kuɗi don haɗa kwamfutar gyaran bidiyon biki ko buɗe gidan gem, zo mu yi magana. Kwanakin baya wani ƙanen abokina a Bagudo ya kira ni ransa a ɓace. Ya sayar da buhunan shinkafar da ya noma a fadama, ya sa aka kawo masa kwamfutar tebur ta hannu daga Kwatano, ya ƙara kuɗi ya sayi katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad. Ya haɗa, ya kunna, amma bidiyo na ta sarƙewa. Har ya yanke hukunci cewa jabu aka sayar masa.

Da muka buɗe akwatin, katin lafiyarsa ƙalau. Gurabe biyu ne dogaye a kan madabod ɗin, shi kuma ya soka a na ƙasa saboda ya fi sauƙin kai hannu. Muka mayar da shi na sama, aiki ya miƙe.

Ra'ayina a nan shi ne: yawancin asarar da muke yi a harkar nan ba cutar 'yan kasuwa ba ce, saye da ido ne. Muna kallon tsawon gurbi mu ɗauka shi ne ƙarfinsa.

Gurbin da ake soka katin hoto a yau sunansa PCIe. Ya fito a 2003, ya maye gurbin AGP da tsohon PCI. Ana auna shi da layukan da bayanai ke bi: x1, x4, x8 da x16. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaoje ya san cewa komai yawan motocin da suka taso, sai sun bi ta gadar Tuga kafin su tsallake Kwara. Faɗin gadar ne ke yanke yawan abin da zai wuce. Haka layukan nan suke.

Inda ake faɗawa rami kuwa, akwai gurbin da tsawonsa na x16 ne, amma layuka huɗu kacal aka haɗa masa. Katin zai shiga daram, fanka ta juya, hoto ya fito, sai dai hanyar kashi ɗaya cikin huɗu ce. A yawancin madabod, gurbin da ya fi kusa da furosesa shi ke da layuka 16 kai tsaye. Na ƙasa sau da yawa sai ya ratsa ta wani guntun na'ura da yake rabawa da kebul da ma'ajiyar bayanai.

Ta yaya za ka gane? Haska tocilar wayarka cikin gurbin. Idan 'yan ƙarafan ciki sun tsaya kafin su kai ƙarshe, to layukansa ba su cika ba. Duba rubutun da ke gefensa a jikin allon, sau da yawa ana rubuta x16 ko x4. Bayan ka haɗa kuma, sauke manhajar GPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka layuka nawa katin ke amfani da su. Ka duba lokacin da katin ke cikin aiki, domin idan yana hutawa yakan rage gudu da kansa don tattalin wuta.

Bari in yi adalci, kada ka ce na tsorata ka. Tsakanin x16 da x8, a yawancin katuna da ƙyar za ka lura da bambanci. Kuma kati sabon yayi yana aiki a tsohon gurbi, sai dai ya bi gudun tsohon. Kowane zubi na PCIe yana ninka na bayansa: layi ɗaya na 3.0 yana ɗaukar kusan gigabait ɗaya a daƙiƙa, na 4.0 kusan biyu. Matsalar tana tsananta ne ga kati irin RX 6400 da RX 6500 XT, waɗanda dama layuka huɗu kawai aka yi su da su. Ka sa su a tsohuwar kwamfuta mai 3.0, ka ga hanyarsu ta ragu da rabi.

Sai maganar da ta fi shafar mu nan bakin iyaka. Kwamfutocin hannu da ake kawowa yawanci tsofaffin na ofis ne, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, kuma da yawa siraran nan ne. Abu uku za ka duba. Na farko, tsayi: siririyar kwamfuta gajeren kati take ɗauka, mai gajeren ƙarfen baya. Na biyu, kauri: a wasu siraran, gurbin x16 yana manne da akwatin wuta, kati mai kauri ba zai zauna ba. Ka ga a nan ko dokar gurbin sama ba ta isa ba, sai ka buɗe ka auna. Na uku, wuta: gurbin kansa bai wuce wat 75 yake bayarwa ba, wasu na ofis ma ba sa kai hakan. Katin da ya fi haka sai da wayar wuta ta musamman mai baki 6 ko 8, wadda galibin waɗannan kwamfutoci ba su da ita. Shi ya sa GT 1030, mai cin wat 30, ko gajeren GTX 1650 suka fi dacewa da su. Kai da ke dogaro da sola ko janareta, kowane wat kuɗi ne.

Wani zai ce, ai sai a kai wa injiniya. To, daga Illo ko Lolo ko Tsamiya zuwa Birnin Kebbi, kuɗin mota nawa ne zuwa da dawowa? Kuma kayan da ya tsallako iyaka, wa za ka mayar wa idan bai dace ba? Wanda ke Kano zai iya komawa Farm Centre gobe da safe. Mu ba mu da wannan gatan, don haka rigakafinmu ilimi ne.

Kafin ka tura ko sisi, sa mai kayan ya buɗe akwatin ya turo maka hoton madabod da takardar da ke jikin akwatin wuta. Nemi lambar samfurin, ka karanta littafinta a intanet. Ranar haɗawa, cire wayar wuta tukuna, ka danna katin har maƙallin gurbin ya kama. Sannan, don Allah, wayar allon kallo a jikin katin za ka soka ta, ba a tsohon ramin madabod ba. Na ga wanda ya yi wata biyu yana kuka da kati, alhali ko sau ɗaya bai taɓa amfani da shi ba.

Shi ƙanen abokin nawa, yanzu shi ake kai wa kwamfuta a unguwarsu. Tocila yake fara ɗauka kafin sukudireba.