A Yi Haƙuri Da Waɗanda Suka Musulunta

Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwa Musulmi game da yadda muke riƙon waɗanda suka musulunta, musamman 'yan'uwanmu Maguzawa na ƙauyukan Kano da Katsina da Kaduna.

Ranar da mutum ya karɓi kalmar shahada, sai ka ga masallaci ya cika maƙil ana ta kabbara. A raɗa masa sabon suna, a ba shi riga da hula da 'yan kuɗi. Bayan mako biyu kuwa ba mai leƙa shi. Da ya yi kuskure a alwala, ko harshensa ya harɗe a Fatiha, sai dariya da gori, wai ai tubabbe ne. Haba jama'a! Wa aka haifa da iyawa?

Mu tuna fa, cikin shekara 23 aka saukar da Alƙur'ani. Salloli biyar sai a daren Isra'i da Mi'iraji aka wajabta su, gab da Hijira. Azumin Ramadan sai a shekara ta 2 bayan Hijira. Giya ma mataki-mataki aka bi kafin a haramta ta gaba ɗaya a Madina. Da Manzon Allah (SAW) zai aiki Mu'azu ɗan Jabal ƙasar Yaman, umartarsa ya yi da ya fara kiran mutane ga shahada, in sun karɓa ya sanar da su salla, in sun karɓa sannan zakka. To mu su wa da za mu nemi mutum ya zama waliyyi cikin wata guda?

Mu ɗin ma da muke taƙamar gado, kakanninmu ba rana ɗaya suka miƙe ba. Wangarawa sun iso Kano da addini zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, amma har lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804 ana fama da masu haɗa salla da tsafi. Haka kuma dubban mutane sun musulunta a rangadin da Sardauna ya yi tsakanin 1963 da 1965, amma bayan rasuwarsa a 1966 wasu suka koma inda suka fito, saboda ba a bar masu malaman da za su zauna da su ba.

Kada wani ya ce ina halatta haram. A'a, haram tana nan haram. Abin da nake cewa shi ne imani kamar gero ne, ba ranar shuka ake girbi ba, sai an yi noma da maimai. Matar da ta bar dafa burkutu ta bar hanyar cin abincinta. Saurayin da ya musulunta wani lokaci dangi kan juya masa baya, ya rasa gona, mu kuma in ya zo neman aure mu hana shi 'ya'yanmu. Ina muke so ya sa kansa?

Shawarata ita ce, kowace unguwa ta samu malami mai sanyin hali da zai riƙa koyar da su tsarki da salla sannu a hankali, mata kuma a haɗa su da malamai mata. 'Yan kasuwa mu ba su ɗan jarin ƙosai ko ƙuli-ƙuli, mu ja yaransu shaguna su koyi sana'a. Masu fitar da zakka su tuna cewa cikin mutum takwas da ake bai wa akwai waɗanda ake lallashin zukatansu. Sannan don Allah a daina wannan gori na tubabbe, a kira mutum da sunansa.

Allah Ya tabbatar da mu da su a kan gaskiya, amin.

Naku mai karatu a kullum,
Wani ɗan tireda, Malumfashi, Jihar Katsina.