Na'ura ta rubuta, amma wa zai amsa laifi?

A shekarar 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu dala 5,000, saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ba a taɓa yi ba. ChatGPT ne ya ƙirƙiro su, lauyoyin kuma suka miƙa wa kotu ba tare da sun bincika ba. Da asiri ya tonu, masu sa hannu alƙali ya kama.

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira ta samu gindin zama a ofisoshi. Akanta na sa ta tsara masa lissafi, mai rubuta manhaja na sa ta gano masa kurakurai, sakatare kuma na taƙaita bayanan taro da ita. Aikin da kan cinye yini yanzu yakan ƙare kafin azahar.

Sai dai manyan kamfanoni sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2023 Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji, bayan wasu injiniyoyinsa sun zuba musu bayanan sirrin kamfanin. A 2024 kuma aka umarci kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda manhajar da ke amsa tambayoyi a shafinsa ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikiti. Kamfanin ya so ya ɗora wa manhajar laifi, aka ce bai isa ba.

Su waɗannan suna da lauyoyi da kuɗin biyan tara. Ƙaramin ɗan kasuwa fa? A ɗauki mai shagon atamfa a Kantin Kwari da ke sa Meta AI ta WhatsApp ta fassara masa saƙo zuwa ga dilansa a Guangzhou. Ƙwarewar manhajojin nan a Hausa ba ta kai ta Turanci ba, shi kuma ba ya iya karanta abin da aka aika da sunansa. Idan yadi ya koma mita, ko launi ya canza, ranar da kwantena ta iso babu wanda zai raba asarar da shi.

Haka ma akawun ƙaramin asibiti da ke kwafe sunayen marasa lafiya da cututtukansu cikin manhaja don ta tsara masa rahoto. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan wanda ya karɓa.

Guje wa fasahar ba mafita ba ce, domin abokan gogayya ba za su jira kowa ba. Abin da ya dace shi ne a ɗauke ta kamar sabon yaron shago mai zafin nama wanda ba ya taɓa cewa bai sani ba. A ba shi aikin farko, a hana shi sirrin abokan ciniki, kuma kada adadi, farashi ko yarjejeniya su fita sai idon wanda ya san aikin ya bi ta kansu.

Abokin ciniki ƙwararre ya biya, kuma wurinsa zai dawo idan aka samu matsala. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.