Wa Ake Yi Wa Binciken?

Duk malamin da ya daɗe riƙe da alli ya san wannan baƙo. Yakan zo daga jami'a wajen ƙarshen shekara, da takardar tambayoyi cikin Faransanci, ya roƙi a cika masa. Mu cika, ya yi godiya, ya tafi. A shekarun da na yi ina koyarwa na cika irin wannan takarda ba iyaka, amma ko sau ɗaya ba a dawo an ce mini ga abin da aka gano ba. Ɗalibin ya kare kundinsa, ya samu yabo, an ɗaure kundin an jera a kan kanta, ƙura da gara suka zama masu karatunsa.

Ba ina ƙin bincike ba ne. Wanda ya ga sakamakon gwajin PASEC na 2014, inda ko ɗaya cikin goma na yaranmu masu gama firamare bai kai matakin karatu da fahimta da ake bukata ba, ya san muna bukatar masu nazari. Tuhumata ita ce binciken da ake yi kan halayyar yaro, da horon malami, da zaɓen sana'a, yawancinsa ba don mu ake yinsa ba.

Mu fara da ma'auni. Gwajin basira da Binet da Simon suka fitar a 1905, don yaran birnin Paris aka yi shi. Piaget kuma ƴaƴansa uku da yaran Janeba ya sa wa ido. Da Pierre Dasen ya sake gwada ra'ayoyinsa kan yaran Bawule na Kwaddibuwa, sai ya tarar matakan suna bin juna, amma lokacin isa gare su yana sauyawa gwargwadon abin da al'umma ke koya wa ɗanta. A 2010 Henrich da abokan aikinsa suka tunatar da duniya cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Masu kayan da kansu sun yi gargaɗi, mu masu aro ne ba mu ji ba. Yarinyar Tasawa da ta sunkuyar da kai gaban baƙo, tarbiyya ta nuna. Takardar aro sai ta rubuta mata tsoro ko rashin basira. Kunya, da haƙuri, da mutunci, waɗanda Kirk-Greene ya tattara tun 1974 cikin nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, su ne ginshiƙan halin yaron da ke gabanmu, kuma sun cancanci a yi musu kundi, a sa su cikin horon malamai.

Za a ce ilimi ba shi da ƙasa. Haka ne, ba wanda ya ce a ƙone littafin Piaget. Sai dai shi yaro yana da ƙasa, da harshe, da gida. Mai ba da shawara da aka koya masa ya keɓe da yaro cikin ofis ya ce masa ya faɗi cikinsa, bai san cewa a nan damuwa takan bi ta wurin kaka, ko gwaggo, ko kawu, ko malamin allo ba. Idan nazarinsa bai san waɗannan ƙofofi ba, ta ina zai shiga?

Na biyu, horon malami. Tun 1998 aka fara ɗaukar ƴan sa-kai, waɗanda suka zama malaman kwantiragi, da gajeren horo ko babu, da albashin da bai kai na ma'aikacin gwamnati ba, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamare. Yara sun ƙaru a makaranta, wannan gaskiya ne. Amma a 2017 aka zaunar da su jarrabawa, aka sallami dubbai, gari ya ɗauka da yi musu dariya. An ƙi jaki ana dukan taiki. Wanda aka miƙa wa alli a rumfar zana ba a horar da shi ba, wa ya kamata a tuhuma? Makarantun horon malamai irin su Askiya Muhammad ta Damagaram, da Bawa Jangwarzo ta Maraɗi, da Kawsan ta Tawa, nan ya kamata kundayen nan su sauka su zama darasi.

Na uku, zaɓen hanya. Bayan BEPC, maki da shekaru ne ke raba yara tsakanin lise da makarantar sana'a, daga baya a raba su A, C, D. Yaron da hannunsa ya faɗa da ƙira ko gyaran famfo, ana tura shi sana'a kamar hukuncin faɗuwa, alhali ƙasar nan hannu ne ke ciyar da ita.

Ba sabon zance na kawo ba. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, ya yi kiran a koyar da yaro da harshensa tun 1964 cikin littafinsa kan ilimi a Afirka. Mun ba jami'a sunansa, muka ajiye maganarsa. Makarantar gwaji ta farko da Hausa an buɗe ta a Damagaram a 1973, kuma ta shafe shekaru da dama ana kiranta gwaji. A 2025 doka ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, to sai uzuri ya ƙare.

Ga abin da ƙungiyoyinmu za su nema. Kowane kundi da aka yi kan makaranta ya zo da taƙaitawa cikin harshen mutanen da aka tambaya. Mai binciken ya dawo zaman ƙara wa juna sani na malamai ya faɗi abin da ya gano, a yi masa gardama. INDRAP da jami'o'in Yamai, da Tawa, da Maraɗi, da Damagaram su tambayi malamai matsalolin da suke so a bincika, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuwa, idan baƙon nan ya sake zuwa da takardarsa, mu karɓe shi da mutunci, amma kafin mu ɗauki alƙalami mu tambaye shi ranar da zai dawo.