Kada A Yanke Wa Majinyaci Hukunci Da Hoto Kaɗai

Jama'a, akwai wata magana ta asibiti wadda ya kamata mu ma'aikatan takarda mu sani, domin wani sashe nata a hannun irinmu ya ke.

Mai ciwon daji a ƙasan maƙoshi, watau hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi, akan fara yi masa gashi da haske, a haɗa da magani, kafin a yi masa fiɗa. Tsarin da likitocin ƙasar Holan suka bayyana a 2012 shi ne gashi sau 23 cikin kamar mako biyar, sa'an nan a huta 'yan makonni. To, gefen hagu na hanta maƙwabcin wurin ne, saboda haka hasken yakan lashe shi har ya kumbura. Tun 1965 likitocin Jami'ar Stanford ta Amurka suka kwatanta irin wannan kumburi.

Kafin fiɗa akan ɗauki hoton da a ke kira PET. Za a yi wa mutum allurar wani sukari mai alama, duk naman da ya zuƙe shi da yawa sai ya haska a hoto. Daji mayunwaci ne, lalle zai haska. Amma fa naman da ya kumbura shi ma haka ya ke yi. Likita na iya ganin tabo a hanta ya ce daji ya bazu, a fasa fiɗar da watakila ita ce za ta ceci mutumin, a sallame shi, dangi su fara fid da tsammani.

Alhali kuwa akwai shaida. Tabon gashi yakan tsaya daidai inda hasken ya ratsa, wani lokaci gefensa a miƙe kamar an ja da rula, kuma yakan dushe bayan 'yan watanni. Ban ce kowane tabo ƙarya ne ba, sau da yawa dajin ne da gaske. In an yi shakka sai a ƙara da hoton MRI, ko a tsakuro ɗan nama a duba.

Ni a ganina bai kyautu mai karanta hoto ya faɗi kome ba sai taswirar gashin tana gabansa. A ƙasarmu injunan gashi kaɗan ne, a gasa mutum a wannan gari, a yi masa hoto a wancan, fayil ya maƙale a tsakani. Wanda duk ya raka ɗan'uwansa, ya roƙi takarda mai nuna ranar da aka gama gashi, da wurin da aka gasa, da yawansa, ya miƙa wa likita na biyu hannu da hannu.