Ka sayar da kirifto ka karɓi tsaba? To rubuta, tun kafin a tambaye ka



Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin matasanmu na nan Legas, daga Agege har Mile 12: wai in ka sayar da kirifto ka karɓi tsabar kuɗi hannu da hannu, shi ke nan, ba ruwanka da gwamnati, ba ruwanka da haraji. Ni ban yarda ba. Tsaba ba ta ɓoye mutum. Abin da take yi shi ne ta raba shi da hujjarsa a ranar da ya fi bukatarta.

Na san inda ɗabi'ar ta samo asali. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, aka rufe asusun mutane, kowa ya koma P2P da wajen 'yan canji. Sai a Disamban 2023 bankin ya janye haramcin. Ba a jima ba kuma, a Maris ɗin 2024, Binance ta daina mu'amala da naira bayan an tsare jami'anta biyu a Abuja. Wanda ya ga duk wannan ya ji tsoron barin sawu, ban ga laifinsa ba. Sai dai doka ta wuce wurin. Tun 2023 aka sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan ribar sayar da kirifto. A 2025 aka sa harkar ƙarƙashin hukumar SEC, sannan Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Yanzu ribar kirifto ta mutum ɗaya ana haɗa ta da sauran kuɗin shigarsa na shekara. Naira 800,000 na farko babu haraji, abin da ya biyo baya zuwa miliyan 3 kashi 15 ne, a haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

A lura da kyau, riba ake yi wa haraji, ba uwar kuɗi ba. A ce ka sayi USDT na naira miliyan 3, ka sayar miliyan 3 da dubu 600. Abin da ya shafi hukuma dubu 600 ne. Amma wa zai tabbatar miliyan 3 ka saya? Kai ne. In ka saya da tsaba a hannun wani, ka sayar da tsaba a hannun wani, ba rasit, ba rubutu, da me za ka tabbatar?

Nan ne yaranmu suke ruɗin kansu. Tsabar da ka zuba a jaka ba ta bar sawu ba, gaskiya ne. Amma USDT ɗin da ka tura ya bari, kuma ba ya gogewa: rana, adadi, da walat ɗin da ya karɓa duk suna nan. Manhajar da ka yi rajista a cikinta kuma ta karɓi hotonka da katin shaidarka. Wato ana iya ganin abin da ya fita daga hannunka, abin da ba a iya gani shi ne nawa ka kashe kafin ya shigo. Ka ɓoye rabin da zai kare ka, ka bar rabin da za a tuhume ka da shi.

Ga kuma abin da ko manyanmu da yawa ba su sani ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta haura naira miliyan 5 in ba ta hanyar banki ba, kamfani kuwa miliyan 10. Da farashin dala na yanzu, ba sai ka zama babban attajiri ba kake tsallake wannan layin a ciniki ɗaya.

Wani yaro a unguwarmu ya sayar da kirifto, mai sayen ya ba shi rabi tsaba, rabi ta asusu. Ashe abin da aka tura kuɗin damfara ne. Aka rufe asusunsa, har da jarin shagon yayansa da ke ciki. Da aka ce ya kawo shaidar ciniki, ya riga ya goge hirar WhatsApp, sunan mutumin ma laƙabi kawai ya sani. Dattawa sun yi ta zirga-zirga kafin a samu bakin zaren. Yaron bai saci komai ba, rubutu ne kawai ba shi da shi.

Wani zai ce, me gwamnati ta yi mana da za mu ba ta? Tambaya ce mai nauyi, ni ma ina yin ta duk lokacin da ruwa ya cinye hanyar kasuwa. Amma mu baƙi ne a idon wasu a garin nan, ko da an haife mu a nan. Laifin mutum ɗaya kan zama na "Hausawa 'yan canji" gaba ɗaya. Kuma wanda takardar harajinsa take a hannu ya fi ƙarfin baki in ya je ƙaramar hukuma neman haƙƙinsa.

Rubutun ba wani abu ba ne mai wuya. Iyayenmu fataken goro da shanu da ajami suka riƙa rubuta bashi da lada, ba su da waya. Ka samu littafi ko ka buɗe fayil: ranar saye, adadi, farashin naira a ranar, kuɗin caji, ranar sayarwa, cikakken sunan wanda ya saya, da hoton shaidar turawa. In tsaba ce, ku yi 'yar takarda ku sa hannu ku biyu. Kada ka karɓi kuɗi daga asusun da sunansa ya saɓa da na mai sayen, ko da ya ce na matarsa ne.

Harajin mutum ɗaya a jihar da yake zaune ake biyansa. Mu nan LIRS ce, ba Kano ko Sakkwato ba, kuma ranar 31 ga Maris ce ƙarshen miƙa bayanin shekarar da ta wuce. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su gayyato akanta guda a taro mai zuwa, kowa ya zo da littafinsa, a zauna a yi lissafin tare.