Ƙungiyar Manoma: In Shugaba Ya Yi Ƙaura, Wa Ke Riƙe Da Littafi?

'Yan'uwa manoma na Katuru, Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, ku ƙirga ƙungiyoyin da aka kafa a garuruwanku tun 2015, shekarar da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da bashin noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Guda nawa ne ke zaman taro har yau?

A ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya daina karɓar sabbin buƙatun irin wannan bashi, ƙungiyoyi da dama kuma suka yi tsit. Dama don karɓar taki da iri aka tara sunaye. Da rabo ya tsaya, kowa ya kama gabansa.

To amma mu nan akwai abin da ya fi wannan ciwo. Ku tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Ƙungiyar da rajista, makullin sito, lambar dillali da sa hannun banki duk suna wurin mutum ɗaya, ya za ta yi ranar da ya kwashe iyalinsa zuwa Gusau? Ko mutumin kirki ne, aiki ya tsaya. Wanda ya zuba buhu biyar ba shi da shaida, sai rantsuwa.

Shi ya sa nake ganin wa'adi ba raini ba ne ga dattijo. Ku rubuta shi a dokar ƙungiya, shekara biyu ko uku, mataimaki kuma ya zama matashi mai koyon aikin tun yanzu. Asusu mutum uku su sa hannu, biyu su isa cire kuɗi, kada ma'aji ya fito gida ɗaya da shugaba. Littafi a yi shi biyu, a ajiye a gidaje daban.

Sai batun jari. Shirin Fadama III ya sa ƙungiyoyi su riƙa ware wani abu don sauya injin ban-ruwa in ya mutu. Wannan ba ya jiran gwamnati: tiya kaɗan daga kowane buhu da kaka. Mata masu adashi ai sun riga mu gane haka.

Kafin a fara girbin bana ku kira taro, a karanta lissafi da Hausa a gaban kowa, a sa ranar zaɓe.